Ayurveda: Ginshiƙan Likitancin Gargajiya na Indiya a Ma'aunin Kimiyya

Ayurveda tsari ne na kiwon lafiya da warkarwa wanda ya kafu a ƙasar Indiya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yau jama'a masu yawa a Indiya da Nepal da Sri Lanka suna neman magani ta hanyarsa. Sunan na harshen Sanskrit ne, ma'anarsa ilimin rayuwa. Abin da ya fifita shi a kan yawancin magungunan gargajiya na duniya shi ne an rubuta shi tun da wuri, an tsara shi babi babi, don haka mai bincike na yau yana iya ɗaukar kowace da'awa tasa ya auna ta, ya ware abin da ya tabbata daga abin da ya tsaya a kan zato.

Littattafai uku ne tushen wannan fanni. Na farko shi ne Charaka Samhita, wanda ya fi mayar da hankali ga cututtukan ciki da abinci da ladubban mai magani. Na biyu Sushruta Samhita, wanda ya shahara a kan tiyata. Na uku kuma Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda ya tattara na gabansa ya taƙaita su wajen ƙarni na 7. Littafin Sushruta ya bayyana kayan aikin tiyata fiye da 100, ya kuma nuna yadda ake gyara hancin da aka yanke: a auna girman hancin da ganye, a yanko fata daidai wannan girma daga kunci ba tare da an raba ta da jikinta gaba ɗaya ba, sannan a ɗinka ta a gurbin. Almajirin tiyata ba ya taɓa jikin mutum sai ya koyi yanka a jikin duma da kokwamba, ya koyi ɗinki a jikin ƙyalle da fata.

Tunanin Ayurveda ya ginu a kan cewa kowane abu, har da jikin ɗan Adam, haɗi ne na sassa biyar, wato ƙasa da ruwa da wuta da iska da sarari. Daga waɗannan ne ake samun abubuwa uku da ake kira dosha, waɗanda ake ɗauka su ke tafiyar da aikin jiki. Vata, haɗin iska da sarari, ita ke kula da motsi da numfashi, kuma siffarta sanyi da bushewa. Pitta, haɗin wuta da ruwa, ita ke kula da narkewar abinci da zafin jiki. Kapha kuwa, haɗin ruwa da ƙasa, ita ke ba jiki ƙwari da danshi da nauyi. Kowane mutum, a wannan fahimta, ana haifarsa da nasa gwargwadon waɗannan uku, abin da ake kira prakriti, wato ɗabi'arsa ta asali. Lafiya ita ce zaman wannan gwargwado daidai, ciwo kuma yana zuwa idan ɗaya ta yi rinjaye ko ta gaza.

Saboda haka mai magani, wanda ake kira vaidya, yakan fara da sanin mutumin kafin sanin ciwon. Yana ɗora yatsu uku a wuyan hannun majinyaci don jin bugun jijiya, yana duba harshe da ido da fata, yana tambaya a kan barci da bayan gida da fitsari da irin abincin da ake ci da lokacin cinsa. Mutum biyu masu ƙorafi iri ɗaya suna iya tashi da umarni daban daban, tun da ɗabi'unsu ba ɗaya ba ne.

Babu abin da wannan tsari ya fi ba muhimmanci kamar narkewar abinci. Ana kiran ƙarfin narkarwa agni, wato wuta, kuma ana kwatanta shi da wutar murhu: in ta yi rauni girki ya fito ɗanye, in ta yi yawa ya ƙone. Abincin da ya narke sosai shi ke zama ruwan jiki, sannan jini, nama, kitse, ƙashi, ɓargo da maniyyi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai narke ba kuwa yakan zama ama, wani gurɓataccen saura da ake ɗora wa laifin cututtuka da dama. An raba ɗanɗano gida shida, zaƙi da tsami da gishiri da yaji da ɗaci da bauri, kuma kowanne yana ƙara wata dosha ko ya rage ta. A kan wannan aka gina ƙa'idojin yini, kamar tashi da asuba, goge haƙori da harshe, shafa mai, motsa jiki da cin abinci a kan lokaci, tare da ƙa'idojin sauyin yanayi na shekara. Idan ciwo ya yi zurfi ana komawa ga panchakarma, hanyoyi biyar na wanke jiki, waɗanda suka ƙunshi sa amai, wankin ciki, ɗura magani ta dubura, ɗiga magani a hanci, da kuma, a lissafin Sushruta, fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku.

Wannan ilimi bai tsaya a Indiya ba. A zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan likitancin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Ali bin Rabban al-Ɗabari ya keɓe wani sashe na littafinsa Firdausul Hikma, wanda ya kammala a shekarar 850, don taƙaita koyarwar Charaka da Sushruta. Wasu tsirran da vaidya ke aiki da su ma sanannu ne a ƙasar Hausa: dogon yaro da zogale duk asalinsu yankin Indiya ne, kurkum da citta da hulba kuma ba baƙi ba ne a kasuwannin Kano da Damagaram.

A Indiya ta yau Ayurveda yana da gurbi a hukumance. A shekarar 2014 gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH don kula da shi da sauran hanyoyin gargajiya, ɗalibi kuma yakan yi shekara biyar da rabi kafin ya sami digirin fannin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta magungunan gargajiya a Jamnagar, cikin jihar Gujarat.

Sai dai amincewar hukuma ba ita ce hujjar kimiyya ba. Binciken zamani bai gano vata ko pitta ko kapha a matsayin abubuwan da ake iya aunawa a jiki ba, kuma gwaje-gwaje da yawa da aka yi a kan magungunan ƙanana ne, ba su kai a yanke hukunci da su ba. Duk da haka akwai inda tsohon ilimin ya haifar da ɗa mai ido: daga saiwar sarpagandha, wadda Indiyawa suka daɗe suna ba masu taɓin hankali da rashin barci, masana a Suwizalan suka ciro sinadarin reserpine a 1952, ya zama ɗaya daga cikin magungunan farko na hawan jini.

Haɗarin da ya fi fitowa fili yana tattare da reshen rasa shastra, inda ake ƙona ƙarafa da ma'adinai a mayar da su toka mai suna bhasma, a haɗa da ganyaye. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2004 ya auna magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan birnin Boston da kewaye, ya tarar 14 daga cikinsu suna ɗauke da dalma ko zaiba ko sinadarin asinik, wani binciken na 2008 a kan waɗanda ake saye ta intanet kuma ya sami kusan kashi 20 cikin 100. Al'ummar da ta ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ta buƙatar dogon bayani a kan illar wannan ƙarfe.

Hukuncin adalci, saboda haka, shi ne a auna Ayurveda gaɓa gaɓa. Nasiharsa a kan daidaita ci da barci da motsa jiki, da nacewarsa cewa rigakafi ya fi magani, abubuwa ne da likitan zamani ma zai goyi baya. Ƙwayoyi da garin magani da ake shigowa da su kuwa wajibi ne su bi ta hannun hukumomin kula da ingancin magunguna irin su NAFDAC, kuma mai ciwon suga ko hawan jini ko mace mai juna biyu bai kamata su sha su ba, balle su ajiye maganin asibiti dominsu, sai da sanin likita.