Sitta Shawwal: Azumin da Ba Mai Tashinka Sahur

A Ramadan gari ne gaba ɗaya yake azumi, har wanda imaninsa ya yi rauni kunya takan riƙe shi. Da an sauko daga Idi kuwa, sai mai shayi ya dawo da teburinsa. Ranar Juma'a kasuwar Wudil ta cika ta batse, tun daga kara har bakin gada, ga fura da nono, ga soyayyen kifi yana ta ƙamshi. Dillalin shanun da ya wuni a wannan rana bai kurɓi ruwa ba, abokan cinikinsa ma ba su sani ba, shi da Ubangijinsa ne kawai. A nan darajar nafila take.

Asalin azumin Sitta Shawwal hadisin Abu Ayyub al-Ansari ne da Imam Muslim ya ruwaito, wanda ya nuna cewa duk wanda ya azumci Ramadan, ya bi shi da kwana shida na Shawwal, tamkar ya azumci shekara ne. Malamai sun yi lissafin: kowane aikin alheri ninki goma ne, kwana 30 ya zama 300, kwana 6 ya zama 60. Sun kuma ce nafila tana cike giɓin farilla, kuma wa zai rantse cewa azuminsa bai sha gulma ko fushi ba?

Akwai abin da ya kamata mu sani, mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya. Imam Malik a Muwaɗɗa bai so wannan azumi ba, don gudun kada jahilai su liƙa shi da Ramadan. Malaman mazhabar na baya suka bayyana cewa karhancin yana kan wanda ake koyi da shi, ya haɗa shi da Sallah, ya jera, ya kuma bayyana wa jama'a. To ina ga mai shelanta wa duniya a WhatsApp cewa saura masa biyu?

Ranar Idi dai haramun ce a azumta. Daga nan duk watan a buɗe yake, a jere ko a rarrabe, kuma a wurin Malikiyya sai an kwana da niyya. Mai ramuwa, musamman mata, malamai sun saɓa: wasu sun ce a fara biyan bashi, wasu sun yi sauƙi, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha takan kai Sha'aban ba ta rama ba. A ganina bashi ne gaba, in akwai hali.

Ɗan'uwa, in aikin yashi a bakin kogi ko ɗawainiyar karatu ta hana ka jerawa, ɗauki Litinin da Alhamis. Mako uku ya ishe ka kammalawa.