Madubin eksire da zinaren Maradun

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, wata tsohuwar magana ta dawo majalisun Maradun da Talata Mafara: wai Turawa na da madubin eksire a sararin samaniya, yana leƙa cikin ƙasa yana nuna musu inda zinare yake.

Madubin kam akwai shi, amma ba ƙasa yake kallo ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken eksire, shi ya sa ma ake harba na'urar can sama. Hasken da ya kasa ratsa iska, ta yaya zai ratsa dutse ya dawo da labari? Aikin madubin shi ne tattara hasken da ke fitowa daga taurarin da suka tarwatse.

Ƙera shi aiki ne ja. Idan eksire ya faɗa wa madubi kai tsaye, nutsewa yake yi a ciki. Duk yaron da ya taɓa wurga tsingaro a dam ɗin Bakolori ya san dabarar: a jefa shi daga sama, ya nutse, a wurga shi a kwance, ya yi ta tsalle a kan ruwa. A 1952 Bajamushe Hans Wolter ya tsara madubi mai siffar bututu, wanda hasken zai goga cikinsa a kwance ya taru wuri ɗaya. Na'urar Chandra da hukumar NASA ta harba a Yulin 1999 tana ɗauke da irinsa jeri huɗu, wani cikin wani, mafi girma faɗinsa mita 1.2. Kafin a harba ta, an gwada su a Huntsville ta Amurka, aka haska musu eksire ta cikin bututun da ya haura mita 500, don hasken ya iso a miƙe kamar daga nesa ya taso. XMM-Newton ta Turai kuwa, kowane ɗaya daga madubanta uku falle 58 ne, an shafe su da zinare don su riƙa mayar da hasken. Iyakar alaƙar madubin da zinare ke nan.

Eksiren da ya taɓa yi wa Zamfara rana na hannu ne. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ma'aikata sun riƙa ɗora wata ƙaramar na'urar eksire a kan ƙasar tsakar gida, nan take ta nuna yawan dalmar da ke ciki. Ita ma fatar ƙasa kawai take karantawa.

Yanzu da haƙa ta dawo, irin wannan na'ura ya kamata hukumomi su kai duk inda ake niƙa dutse a Maradun da Bakura, a auna tsakar gidajen da yara ke rarrafe tun kafin a fara kai su asibiti.