Alumrut, Tsiron Da Ke Zaune A Tsagin Duwatsun Amurka

A cikin dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa, musamman a jerin duwatsun Afalaciya, akwai wani ɗan tsiro wanda mutanen can suke kira alumrut, watau saiwar alam. Sun ba shi wannan suna ne saboda saiwarsa tana da ɓauri ƙwarai, tana ɗaure baki kamar yadda alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta yake yi.

Masana ilmin tsirrai kuwa suna kiransa Heuchera americana. Shahararren masanin nan na ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, shi ne ya raɗa masa sunan cikin littafinsa na 1753, domin girmama wani likita Bajamushe mai suna Johann Heinrich von Heucher, wanda ya koyar a jami'ar Witinbag. Tsiron yana da 'yan'uwa iri iri, sun fi talatin, suna bazuwa tun daga Kanada har Meziko.

Alumrut ba ya yin kara kamar dawa ko gero. Ganyayensa daga gindi suke fitowa, su yi da'ira dab da ƙasa, kowanne bisa doguwar sanda siririya. Ganyen yana da faɗi kamar tafin hannu, gefensa a kakkarkase, sau da yawa kuma da zane-zanen shunayya ko launin azurfa a bisa koren. Ba shekara guda yake yi ya mutu ba. A wuraren da sanyi bai tsananta ba, ganyen yakan zauna da ransa har hunturu ya wuce.

Tsakanin watan Afrilu da na Yuni sai wani siririn tsinke ya taso daga tsakiya, tsawonsa yakan kai ƙafa biyu ko uku. A kansa ne furanni suke jeruwa, ƙanana ƙwarai, masu siffar ƙararrawa, launinsu kore-kore. Zaren da ke ɗauke da garin haihuwa guda biyar ne, suna leƙowa waje da kawunansu masu launin ruwan goro. In furen ya bushe sai ya bar ɗan kwanso mai baki biyu cike da iri baƙi, ƙanana kamar yashi.

Mazauninsa shi ne babban abin lura. Yana son gangaren dutse, da tsagin fā, da inuwar itatuwa, inda ƙasa ba ta da zurfi kuma ruwa ba ya kwanciya. A irin wannan wuri manyan ciyayi ba sa samun abin da za su ci, don haka ba mai tsere da shi. Amma in aka dasa shi a ƙasa mai riƙe ruwa, sai gindinsa ya ruɓe.

Ɓaurin saiwar ya samo asali ne daga sinadarin tanin, wanda shi ne dai ke cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Mutanen asalin ƙasar, irin su kabilar Ceroki, sun daɗe suna amfani da saiwar wajen tsai da jinin rauni, da maganin gudawa da gyambon baki.

Yau masu lambun furanni a Turai da Amurka sun haɗa shi aure da 'yan'uwansa, sun fitar da ire-ire masu ganye ja da rawaya da shunayya, ana sayarwa da yawa. To, amma yawansa a lambu ba zai maye gurbin na daji ba. Akwai wata ƙaramar ƙudar zuma, Colletes aestivalis, wadda ba ta ciyar da 'ya'yanta da garin furen kowane tsiro sai na dangin alumrut, kuma ba kasafai ake ganinta ba yanzu. Duk inda aka fasa dutsen da tsiron yake, aka share dajin, ƙudar ma ta rasa abinci. Ga ɗalibai da ma'aikatan gandun daji, wannan misali ne da ke nuna cewa kiyaye tsiro ba ya cika sai an kiyaye wurin da yake tsirowa.