Wutar Lantarki a Bakin Ruwa: Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1999 wani yaro ɗan shekara 8 ya rasu yana iyo kusa da matsayar jiragen ruwa a jihar Oregon ta ƙasar Amurka, ga kuma rigar hana nutsewa a jikinsa. Da aka bincika, sai aka tarar wuta ce ta zurara cikin kogin daga wani jirgi mai lalatacciyar waya. Tun daga nan mahaifinsa ya duƙufa wajen faɗakar da jama'a.

Wannan labari ya shafe mu, domin kogin nan ruwan daɗi ne, irin na Tafkin Bolta, inda 'yan'uwanmu ke neman abinci a Yeji da Buipe da Akosombo. Ruwan teku yana da gishiri, wuta takan bi shi cikin sauƙi ta kewaye mutum. Ruwan daɗi kuwa bai kai jikin ɗan Adam saurin ɗaukar wuta ba, sai ta ratsa ta jikin mai iyo. Wuta kaɗan, kamar miliamfa 10 zuwa 15, ta isa ta sandare masa gaɓoɓi ya nutse shiru, a ce ruwa ne ya ci shi. Fis na gida kuwa ba zai ƙone a kan wannan 'yar wuta ba.

Shi ya sa aka yi wa wayoyin bakin ruwa dokoki na musamman. A 2011 kundin dokokin lantarki na Amurka ya wajabta sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurara a irin waɗannan matsayai. Ƙa'idar Turai ta ce kowane soket da jirgi zai sha wuta daga gare shi ya sami tasa na'urar mai katsewa a miliamfa 30. A kafa soket ɗin aƙalla mita 1 sama da iyakar cikar ruwa, ya zama mai murfin da feshin ruwa ba ya shiga, da wayar ƙasa lafiyayya. A nan Gana, dokar haɗa wayoyi ta 2011 ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne kaɗai zai yi aikin.

To jama'a, duk mai jan waya daga shago ko janareta zuwa bakin ruwa, don firjin kifi ko famfo ko fitila, ya nemi ƙwararre, kada araha ta ruɗe shi. A hana yara iyo inda waya ta kusanci ruwa. Wanda ya ji jikinsa na tsatsayawa cikin ruwa ya juya ya koma ta inda ya fito. In an ga wani ya sandare, kada a faɗa a bi shi. A fara kashe wutar, sannan a jefa masa igiya ko a miƙa masa busasshiyar gora. Allah Ya tsare mu, amin.