Yadda Za Ka Gane Kan Inji Mai Ƙarfi Kafin Ka Biya Kuɗinka

Garin Sabon Wuse, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Jihar Neja, yana bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Suleja. Da yawa daga mutanensa da tuƙin mota suke ci da iyalansu. Idan inji ya gaji, akan nufi kasuwar Zuba, ko Panteka ta Kaduna, a sayo na hannu wanda aka shigo da shi daga ƙasashen waje. A nan ne mai saye kan ji an ce, "Wannan kansa na musamman ne, mai ƙarfi ne," sa'an nan a ɗora masa kuɗi. An shirya wannan 'yar takarda domin kada jama'a su yi cinikin biri a sama.

Mene ne kan inji?

Shi ne abin da bakanikai ke kira tof silinda, watau ƙarfen da ke rufe saman ramukan fistin. A cikinsa bawul da filogi suke, ta nan kuma iska ke shiga, hayaƙi ya fita. Kan da aka ƙera domin ƙarfi yana da hanyoyin iska masu faɗi, sau da yawa kuma bawul huɗu ga kowane fistin maimakon biyu, domin inji ya yi numfashi sosai.

Alamomin da za ka duba

1. Lambar inji. Kamfani yakan buga ta a jikin bulok, watau gangar jikin inji. Goge baƙin mai ka karanta da idonka. A injunan Toyota irin na Corolla, harafin F yana nuna kai na tsimin mai, harafin G kuwa kai mai ƙarfi. Misali, 1ZZ-FE yana ba da ƙarfin doki wajen 130, amma 2ZZ-GE, wanda aka ƙera da taimakon kamfanin Yamaha, yana kai 180 ko fiye, alhali dukansu lita 1.8 ne.

2. Mazaunin filogi. A Golf III, wadda ta fito a 1991, kai mai bawul 8 filoginsa a gefe suke. Mai bawul 16 kuwa filoginsa ta tsakiyar murfi suke shiga, kuma ya fi faɗi. Mai lamba ABF, lita 2, yana da ƙarfin doki 150. Amma a lura, injunan Toyota biyun nan dukansu bawul 16 gare su, saboda haka wannan alama ba ta raba su.

3. Kada ka dogara da murfi. Rubutun da ke bisa murfin sama ba shaida ba ne, gama ana iya sauya shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Sa a kwance shi, ka ƙidaya bawul, sa'an nan ka gwada lambar da ke jikin kan da ta wanda aka cire daga motarka.

Ƙarfi daban, lafiya daban

Kai mai ƙarfi da ya taɓa yin zafi fiye da kima bai kai lafiyayyen kai na yau da kullum daraja ba. Yawancinsu na alminiyam ne, zafi kuwa yakan lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Sa bakanike ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, ya auna ratar da ke ƙarƙashi. A injunan Toyota da yawa ba a yarda ta wuce milimita 0.05 ba. A duba tsakanin bawul da bawul ko akwai tsaga ko alamar walda. A tambaya kuma ko an taɓa fere fuskar. Idan injin yana tashi, baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ko kumfa a lagireto, duk alamu ne cewa ruwa ya sami hanya.

Shin kana bukatarsa?

Ya kai direba, tambayi kanka wannan tukuna. Ƙarfin 2ZZ-GE ba ya fitowa sosai sai inji yana juyi wajen 6,000 a minti ɗaya, kuma yana son fetur mai kyau ƙwarai. Mai jigilar fasinja tsakanin Sabon Wuse da Suleja ba shi da inda zai kai shi nan, sai dai ya ƙara wa kansa tsadar gyara. Haka kuma kan wani inji ba ya hawa kan wani don kawai sun yi kama. Faɗin ramin fistin na 1ZZ-FE milimita 79 ne, na 2ZZ-GE kuwa 82. Wanda ya haɗa su da ƙarfi da yaji, ya yi asarar kai da bulok gaba ɗaya.

Kafin ka bar shago

Tafi da bakaniken da ka amince da shi. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, da sunan shago, da kwanakin gwajin da kuka shirya. Idan aka sayar maka da abin da ba shi aka faɗa ba, kana da ikon kai ƙara ga Hukumar Tarayya ta Kare Haƙƙin Masu Saye, rasit ɗin nan kuwa shi ne shaidarka.

Jama'a, inji jarin gida ne. Wanda ya karanta wannan, lalle ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha da gareji. Gani ya kori ji.