Sayar da kamfanonin ƙasa: ina ribar ɗan kasuwa?

Tsofaffin ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Birnin Ƙonni ba su manta zamanin da gwamnatin Nijar ce babbar dillaliya ba. SONARA ke sayen gyaɗa, OPVN ke riƙe da hatsi, COPRO-Niger kuma ke shigo da kayan masarufi. Da kuɗin yuraniyom suka ja baya a shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai Bankin Duniya da asusun FMI suka gindaya sharaɗi: gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwanci.

A 2001 an sayar da kashi 51 cikin 100 na kamfanin tarho SONITEL ga kamfanin ZTE na Sin da abokinsa na Libiya. A wannan shekara rarraba ruwan famfo a birane ya koma hannun SEEN, wanda kamfanin Vivendi na Faransa ke da rinjaye a cikinsa. Tafiyar ba ta ɗore ba. SONITEL ya dawo hannun ƙasa a 2012, kwangilar SEEN ta ƙare a ƙarshen 2023, a 2025 kuma hukumomi suka karɓe kamfanin yuraniyom na SOMAÏR.

Me ya haɗa wannan da mai shago a Dan Isa ko Jibiya? Mu dubi man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Nijeriya, farashi ya ninka fiye da sau biyu, ƴan bumburutu da yawa suka ajiye jarkoki. Jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya faɗo kan matatar SORAZ ta Damagaram da kamfanin SONIDEP, har aka sha dogayen layuka a watan Maris 2025. Shawara guda a Abuja ta taɓa kuɗin mota da na dakon buhu a kasuwanninmu.

Mun ga kamfani ya durƙushe a hannun gwamnati, mun ga ya durƙushe a hannun baƙi. Abin da ke kashe shi bai wuce abin da ke kashe shago ba: bashin da ba a biya, da ɗora ɗan'uwa kan aikin da bai iya ba, da lissafin da ake ɓoyewa. Don haka ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa su riƙa neman a bayyana lissafin kowane kamfanin ƙasa duk shekara, tunda da harajinmu da kuɗin duwan da muke biya ake cike giɓinsa.