Ƙaramar Kalma, Babbar Asara

Mu da ke fatauci tsakanin Birnin Konni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, mun san Ingilishi na da tarko: 'yar kalmar da ke bin kalmar aiki takan juya ma'ana. Idan jami'in kwastan ya ce "pull over", a ratse gefen hanya a tsaya yake nufi. "Pull out" kuwa a hau titi ne. "Pay in" zuba kuɗi ne a banki, "pay off" biyan bashi kakaf. "Write down" a rubuta, "write off" a soke bashi. Don haka 'yan'uwa, kafin mu sa hannu a takarda, mu duba wutsiyar magana. Matambayi ba ya ɓata.